Yarinyar da Na Kasa Kiran Sunanta

Na ga saƙonninku, masu tambaya ko an sa rana da masu cewa in daina jan aji in amince da Nashwan tunda mutumin kirki ne. Na gode. Amma akwai abin da na ɓoye muku tun farko, kuma yau ya kai inda ba zai ɓoyu ba. Idan kun gama karantawa, wanda zai zage ni ya zaga, ba zan goge sharhin kowa ba.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Ruwaida. Shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata makarantar 'yan mata a Mosul, ɓangaren yamma da kogi, inda har yanzu rabin layinmu kangaye ne. Yara arba'in da bakwai ne a ajina, uku uku a benci. Ina koyar da su lissafi da Larabci kamar kowace malama, amma abin da nake ji da shi shi ne darasin zama da jama'a. Sauran malamai har tsokanata suke yi. Malama Intisar, shugabar makarantarmu, takan leƙo ta ce, "Ruwaida, majalisar taki ta tashi ne, ko a jira sanarwa?"

Farkon shekara na kawo farin kwali na ce wa yaran su rubuta dokokin ajinsu da kansu. Suka yi ta gardama kwana biyu, sannan suka ɗaga hannu aka ƙirga. Za mu gaida juna da suna. Ba a zagin iyayen kowa. Wadda ta yi wa wata laifi za ta je har wurin zamanta ta ba ta haƙuri. Har da wata doka a kan aron abin goge rubutu, wadda ni ban ga amfaninta ba amma su suka dage. Suka kuma zaɓi shugabar aji, Dalal, 'yar mitsitsiya mai tabarau, wadda ke buga rula a tebur kamar alƙali. Kowace Alhamis, rabin awa na ƙarshe, sai mu tura bencuna gefe, Dalal ta buɗe gwangwanin madarar da ake jefa ƙorafi a ciki, ta karanta, aji ya yanke hukunci.

Ranar da muka manna kwalin a bango wata ta tambaye ni, "Malama, dokar har da ke?"

Na yi dariya na ce, "Har da ni mana."

Ina faɗa ina jin daɗin kaina. Allah ya yafe mini.

Wata guda ke nan, ranar wata Lahadi da safe, wadda ita ce farkon makon makaranta a nan, Malama Intisar ta shigo riƙe da hannun wata yarinya. Siririya, rigar makarantar ta yi mata yawa, an naɗe hannun sau biyu. Ta raɗa mini cewa daga sansani suka dawo, ita da uwarta, uban ba ya raye. Ba sai an yi mini bayani ba. A garin nan idan aka ce daga sansani, kowa ya san iyalin su waye, iyalin mayaƙan nan masu baƙar tuta ne da suka riƙe mu shekara uku.

"Sunanta Tabarak," in ji Malama Intisar. "Ki samar mata wuri."

Na sunkuya zan yi mata sannu da zuwa, yarinyar ta ɗago kai. A girarta ta hagu akwai farin gashi, ɗan tsiri, kamar an shafa alli da ɗan yatsa.

Allin da ke hannuna ya faɗi.

Ku bari in kai ku baya shekara bakwai. Ranar Laraba ce bayan azahar, muna tsakar gida muna cin dolma, shinkafar da ake naɗewa a ganye, ni da Umma da Yaya Muhannad. Abba ya rasu tun ina ƙarama, Yaya shi ne namijin gidan. Laifinsa ɗaya, ya taɓa yin aikin zaɓe na kwana biyu, yana dangwala wa mutane tawada a yatsa. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, sau uku, a hankali. Na ja mayafi na rufe fuska na je.

Mutumin da ke tsaye ya yi sallama cikakkiya. Da ya ji muryar mace sai ya sunkuyar da kai, ya ja baya taku ɗaya. Ya ce, "'Yar'uwa, ki yi haƙuri, mun katse muku abinci. Don Allah Muhannad yana nan?"

Na ce, "Yana ciki."

Ni na faɗa. Wallahi da tsawa ya yi mini, da na yi masa ƙarya, da na ce ya tafi Erbil tun bara. Amma ya tambaye ni da ladabi, bakina ya amsa da ladabi tun kafin hankalina ya iso. Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya gaida Umma, ya ce, "Hajiya, ƙamshin girkin nan har titi. Tambaya biyu kawai za mu yi masa, kafin shayinku ya huce ya dawo." Yaya ya wanke hannu ya bi shi. Duk tsawon lokacin idona na kan abu ɗaya, farin tsirin da ke girarsa ta hagu.

Har yau Umma ba ta sa baƙin kayan makoki ba. Maƙwabta sun yi gulma sun gaji. Shuɗi take sawa, da ruwan hoda, da kore. Duk wadda ta zo da fuskar ta'aziyya sai ta ce, "An nuna miki kabari ne? Ni ba a nuna mini ba." Ni kuma tun daga ranar, duk mutumin da ya cika ladabi sai in ji tsigar jikina ta tashi. Ga shi kuma abin da nake koya wa 'ya'yan mutane ke nan kullum, yadda ake sallama, yadda ake cewa don Allah. Wani lokaci ina tsakiyar darasi sai in ji muryarsa a cikin tawa.

Na zaunar da Tabarak a bencin ƙarshe, jikin taga. Yaran biyu da ke wurin suka kwashe jakunkunansu suka matsu a bencuna biyu na gaba, huɗu huɗu a wurin uku. Na gani, na juya ga allo.

Na duba takardunta a ofis. Sunan uban ba ya gaya mini komai, don ban taɓa sanin sunan mutumin ba. Amma akwai hoto a kwafin katinsa. Shi ne.

Ban faɗa wa Umma ba. Mutum ɗaya na faɗa wa, Nashwan.

Ku da kuka daɗe da ni kun san shi. Mai kantin magani ne a bakin tsohuwar gada, dogo, mai yawan sa riga ruwan toka, kullum yana ƙamshin sabulu. Yayansa ɗan sanda ne, mutanen nan suka kashe shi a bainar jama'a, shi yake riƙon 'yarsa Jumana, wadda take ajina. Ta nan muka haɗu. Shi ne kuma duk wata yake ɗaukar Umma a mota ya kai ta ofishin da ake liƙa sunayen gawawwakin da aka tono daga ramuka, ya tsaya da ita a layi, ya saya mata ruwa, ya dawo da ita ba tare da ya ce mata ta haƙura ba. Saboda wannan kaɗai Umma za ta iya ba shi ni a ɗaura yau. Gwaggo Nawal, ƙanwar Abba, ita kuwa kullum waƙarta ɗaya: "Ashirin da shida, Ruwaida! Allo za ki aura?"

Da yammacin ranar na rubuta masa. Ya daɗe bai amsa ba, ina ganin alamar yana rubutu yana gogewa. Can sai ga shi:

"Kin tabbata?"

"Na ga hoton."

"Allah ya isa. Ki ci abinci, Malama. Ki bar mini wannan."

Na ji sanyi a raina. Na ɗauka rarrashi ne.

Sati uku na yi ina shiga ajin nan kamar mai taka ƙaya. Ban taɓa dukan yarinyar ba, ban taɓa yi mata tsawa ba, ina gaya wa kaina ai ban zalunce ta ba. Ita kuma ba ta magana. Tana zuwa kafin kowa, ta share ƙarƙashin bencinta, ta ci burodinta da ɗan cuku tana fuskantar taga. Rubutunta ya fi na kowa kyau a ajin. Wannan ma haushi yake ba ni, ku ji fa.

Ranar Talatar da ta wuce Nashwan ya turo mini hoton wata takarda. Koke ne zuwa ga hukumar makaranta, iyaye ashirin da tara sun sa hannu, suna neman a cire yarinyar saboda kwanciyar hankalin 'ya'yansu. A ƙasa ya rubuta:

"Shugabarku ta ce ba ta da hujja, yarinya ba ta yi komai ba. Amma idan malamar ajin ta ce ba za ta iya koyar da ita ba, ta faɗi dalili, magana ta ƙare. Layin farko na bar miki."

Na rubuta, "Nashwan, shekararta goma."

"Jumana ma goma. Kin san tana fitsarin kwance tun da yarinyar nan ta zo? Ta daina shekara biyu, ta koma."

Ya sake turowa, "Ba na tilasta miki. Ki yi tunani zuwa Lahadi." Har da hoton fure a ƙarshe.

Sai ga Alhamis. Na sa doguwar rigata ruwan zaitun da farin gyale, na ɗan shafa kwalli don idona ya kumbura. Ƙarfe goma sha ɗaya muka tura bencuna. Dalal ta gyara tabarau, ta buga rula, ta zazzage gwangwani. Takarda uku. Ta farko a kan wadda ke fiƙe fensir a ƙasa, ta biyu a kan layin famfo. Da ta buɗe ta uku sai ta kalle ni.

"Karanta mana," na ce.

"Jumana ta zuba ruwa a jakar... a jakar Tabarak. Littattafanta sun jiƙe." Ta juya takardar. "Ba suna."

Na san ba Tabarak ta rubuta ba, don ita ma ta zaro ido. Wata ce a cikin arba'in da bakwai ɗin nan ta gani ta kasa haɗiyewa. Har yau ban san wace ce ba.

Dalal ta ce, "Jumana, kin yi?"

Jumana ta miƙe. Kitsonta biyu da jan ribon, kumatunta sun yi ja. "Na yi."

"To doka ta ce ki je ki ba ta haƙuri."

"Ba zan je ba."

Na sa baki da muryar malamai, a tausashe. "Jumana, ƙanwata, ke kika ɗaga hannu ranar da aka kafa dokar nan. Doka ba ta zaɓen wadda za ta hau. Idan kowa ya bi wadda ta yi masa daɗi kawai, me ya rage na ajin?"

Ta juyo ta kalle ni cikin ido. "To ke fa, Malama?"

"Ni?"

"Ke ma ba kya gaishe ta. Kullum da safe kina kiran sunan kowa, in kin zo kanta sai ki ce, ta bayan can tana nan? Ba ki taɓa cewa Tabarak ba. Littafinta ma Dalal kike ba ta miƙa mata. Ranar da ta ɗaga hannu a lissafi, ita kaɗai ta ɗaga, sai kika ce bari ki yi da kanki. Ni na ɗauka haka ake yi. A wurinki na gani."

Jama'a, an taɓa tuɓe ku a gaban yara arba'in da bakwai? Ina jin ƙarar janaretan unguwa, ina jin mai kalanzir yana buga ƙarfensa a titi, amma a cikin ajin ko tari babu. Na buɗe baki in ce ta zauna, in ce wannan rashin kunya ne. Ina da ikon hakan. Kalma ɗaya zan faɗa zaman ya watse, kwalin ya zama ado a bango.

Dalal ta riga ni. "Malama... gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne."

Ta kalli kwalin, ta kalle ni, kamar tana roƙona in cece ta. "To... doka ta ce..."

"Na san abin da ta ce."

Daga teburina zuwa bencin ƙarshe taku goma sha biyu ne. Yaran suka dare. Ina tafiya ina ganin tsakar gidanmu, ina ganin Yaya yana goge hannu da tawul. Da na isa na durƙusa don fuskarmu ta daidaita, kuma a karon farko na kalle ta da kyau. Girar tana nan. Amma a ƙarƙashinta akwai ido na yarinya mai jin tsoro, da ɗan tabon ƙyanda a kunci, da haƙori ɗaya da bai gama fitowa ba. Leɓenta ya bushe.

Sunan ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙashin kifi. Na turo shi da ƙarfi.

"Tabarak."

"Na'am, Malama."

"Na yi miki laifi. Sati uku ina yi miki laifi, ina sane. Ki yi haƙuri."

Ta yi saurin girgiza kai, kamar ita ce ta yi abin kunya. "Ba komai, Malama. Na saba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na miƙe na koma gaba. Jumana tana tsaye inda take, hawaye na zuba, ba ta share ba. Ta ce, "Ke kin ba ta haƙuri don ba a kashe miki kowa ba."

"An ɗauke mini yayana," na ce. Ban taɓa faɗa a makaranta ba. "Har yau ban san inda yake ba. Ba zan ce ki daina jin zafi ba, Jumana, ni ma ban daina ba. Amma lokacin da aka yi abin, Tabarak tana goye. Jakarta ba ta kashe kowa ba."

Ba ta ba da haƙurin ba, kada ku ɗauka wasan kwaikwayo ne. Aji ya yi ta muhawara har aka buga ƙararrawa. Wata ta ce a hana ta fita tara, wata ta ce ai marainiya ce a ƙyale ta, wata ta ce Tabarak ma ai marainiya ce, nan kuma aka kusa dambe. Daga ƙarshe suka ɗaga hannu, talatin da ɗaya suka ce Jumana ta kwafe mata shafukan da suka jiƙe. Jumana ta ja hanci ta ce, "Zan kwafe. Amma ba zan zauna da ita ba."

Dalal ta buga rula. "Ba a ce ki zauna ba."

Kafin in isa gida saƙon Nashwan huɗu na jirana.

"Jumana ta gaya mini."

"Kin durƙusa wa 'yarsa? A gaban 'yar yayana?"

"Ruwaida, ɗauki waya."

"Gobe zan zo."

Juma'a bayan masallaci ya zo, da kwalin alewar baƙlawa da farar jallabiya. Gwaggo Nawal ta riga shi isowa, ta sa ni na canza kaya sau biyu, ta ce rigar farko ta sa na yi kama da mai jinya. Umma ta yi kubba, curin shinkafa mai nama a ciki, ta fito da ƙananan kofunan shayi masu bakin zinariya da ba a taɓa su sai babban baƙo. Aka ci, aka yi raha. Gwaggo tana ta zungurina da gwiwar hannu. "Dakta, ka ga 'yar tamu kunya gare ta, amma a makaranta an ce har shugabar tsoronta take ji."

Ya yi murmushi. "Na ji labari, Gwaggo."

Da na kwashi kwanuka ya biyo ni tsakar gida, wurin bishiyar lemu, inda suna iya hango mu amma ba sa ji. Ya zaro takardar daga aljihu, a ninke huɗu, da biro.

"Ba faɗa na zo yi ba," ya ce a hankali. "Na san zuciyarki mai kyau ce, shi ya sa nake son ki. Amma akwai makarantu a wancan ƙetaren kogin. Ta je inda ba a san ta ba, ita ma ta huta."

"A can ma za a sani. Sai su ma su rubuta takarda. Daga nan sai ina?"

"Wannan ba matsalarki ba ce."

"'Yar ajina ce."

"Jumana fa? 'Yar ajin wa ce?" Ya matso. "Ni na ɗauko gawar yayana daga titi, Ruwaida. Da hannun nan. Kwana uku suka hana a taɓa shi. Yanzu 'yarsa ce za ta zauna tana kwafe wa 'yar wancan rubutu? Wannan ne adalcin da kike koya musu?"

"Ba ni na yanke ba. Yaran ne."

"Yara!" Ya yi wata dariya marar daɗi. Sai kuma ya sassauta. "Umma ta sani?"

Na ce, "Kada ka soma."

"Shekara bakwai tana bin layi tana duba sunaye. 'Yar mutumin tana zaune a gabanki kullum, kin ɓoye mata. Ni ne nake kallon fuskarta idan ta gama duba takardar nan ba ta gani ba, ba ke ba." Ya sa mini takardar a hannu ya naɗe yatsuna a kai. "Lahadi ƙarfe sha biyu iyaye za su zauna da shugabarku. Zan jira ki a bakin ƙofa mu shiga tare."

Daga ɗaki Gwaggo ta ɗaga murya, "A bar sauran hirar sai bayan ɗaurin aure mana!" Umma ta yi dariya. Na daɗe ban ji dariyarta haka ba.

Ku gaya mini, a ina ya yi ƙarya? Na juya maganarsa duk ranar Asabar ban samu ba. Kuma duk da haka na kasa buɗe biron.

Lahadi da safe na buɗe rajista na kira sunaye. Da na zo ƙarshe na ce, "Tabarak," ta ce, "Ina nan." Wasu suka waiga. Na lura Dalal ta kwashe kayanta ta koma bencin baya, ta bar tazarar jaka ɗaya a tsakaninsu. Jumana ta ajiye sabon littafi a gefen bencin ta wuce, shafi goma sha ɗaya da rubutunta mai karkata.

Da aka tashi kowa ya fita da gudu, Tabarak ta tsaya. Ta zo gaban teburina tana murza bakin rigarta.

"Malama, mamana ta ce in ba ki wannan. Ta ce kada kowa ya gani."

Ɗan ƙyalle ne a ƙulle. Na kwance. Makulli ne, tsohon makullin ƙofar gida, da koren zare a ɗaure a wuyansa. Ni na ɗaura zaren nan da hannuna ina 'yar shekara sha bakwai, don Yaya kullum sai ya ɗauki nawa ya ce nasa ne.

Na dafa tebur. "A ina... a ina mamanki ta samu?"

"Ban sani ba. Ranar Alhamis na gaya mata kin ba ni haƙuri. Ta ce wace malama ce, na ce Malama Ruwaida. Ta ce kina da wa, na ce kin ce an ɗauke shi. Sai ta zauna a ƙasa." Ta ɗago. "Ta ce in kin yarda in kai ki. In ba ki yarda ba, ki riƙe makullin, naku ne."

Agogon bango ya nuna sha biyu saura biyar. Ta taga ina hango iyaye suna shiga ofishin Malama Intisar, ina hango farar motar Nashwan a bakin ƙofa, shi yana jingine da ita yana duba waya. Takardarsa tana cikin jakata, layin farko babu komai.

Na ɗauki jaka. Na miƙa wa yarinyar hannu. Ta kalli hannun kamar ba ta san me ake yi da shi ba, sannan ta kama.

Haka muka fito ta gabansa. Ya miƙe tsaye. "Ruwaida." Na zaro takardar na miƙa masa, ya buɗe, ya ga layin, ya kalli hannunmu. Fuskarsa ba fushi na gani a kai ba, wani abu ne kamar na wanda aka mara ba zato. "Ina za ki?"

"Zan raka ɗalibata gida."

Ba mu kai kwanar layin ba wayata ta yi ƙara, saƙon Nashwan ne. "Idan kika bi ta, yanzu zan wuce wurin Umma. Haƙƙinta ne ta sani." Na mayar da wayar jaka.

Mun yi tafiyar minti ashirin cikin lunguna, muna tsallake tarin duwatsu da wayoyin wuta. Gidan rabinsa ya rushe, an toshe taga da kwali, a bango an rubuta wata kalma da jan fenti an yi ƙoƙarin gogewa ba ta gogu ba. Tabarak ta tura ƙofa.

Matar da ta fito ba ta girme ni da yawa ba, amma gashin da ya leƙo daga gyalenta duk furfura ne. Ta kalle ni, ta kalli makullin a hannuna. Ta ce wa 'yarta ta shiga ciki ta rufe ƙofa.

"Kina kama da shi," ta ce. "Ta wajen baki."

"Yana raye?"

Ta jawo wata tsohuwar katifa ta shimfiɗa a ƙasa. "Kwana tara ya yi a ɗakin ƙasa na gidan da suka ajiye mu. Ni nake tura masa abinci ta ƙarƙashin ƙofa. Ran na tara ya turo mini wannan a cikin kwano, ya ba ni saƙo. Ba na mahaifiyarku ba, naki. Ya ce Ruwaida, ya maimaita sau biyu don kada in manta." Ta share fuska da bakin gyale. "Shekara bakwai yana bakina, ban san ƙofar da zan kai shi ba. Zauna, 'yar'uwa. Ba a jin sa a tsaye."

Na zauna.

A cikin jaka wayata ta fara ruri. Na zaro don in kashe, sai na ga sunan da ke kai. Umma ce. Umma da ba ta taɓa kirana kafin in dawo daga makaranta ba.

Matar ta kalli wayar, ta kalle ni. "Ki ɗauka, ko in fara?"